Ranar Da Aka Ɗora Albasar Labaran a Sikeli

Duk wanda ya yi aiki a masaƙar nan ta Sharaɗa a shekarun tamanin ya san Labaran. Ko bai san sunansa ba, hancinsa ya san shi. Kafin jiniyar sha biyu da rabi ta yi kuka, ƙamshi ya riga ya tsallaka katanga, ya bi ta tagogi, ya je ya sami mutum a bakin inji yana tsaye da yunwa tun safe. Akwai wani foman da yake rantsuwa wai zare ya fi tsinkewa daga sha biyu zuwa da rabi, don jikin ma'aikata ne kawai a ciki, hankalinsu yana ƙofa.

Dogo ne, siriri, hula a karkace, bakinsa kuwa ba ya hutawa. Mazauninsa gindin darbejiyar da ke hannun dama da babbar ƙofa, da wani baƙin farantin ƙarfe a kan duwatsu uku, itace na ci a ƙasa. Abin da yake sayarwa ba shi da wani suna a lokacin, dakakken nama ne da albasa a tsakiyar burodi. Da jiniya ta busa sai ka ji ya ware murya: "Nama zalla! Nama zalla a burodi!" To ni dai ba zan rufa masa asiri ba, ƙarya yake yi. Kuma ƙaryar nan ce ta kusa raba shi da gindin darbejiyar.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane abin da zai sa mutum mai salla biyar ya tsaya da rana tsaka yana zuba ƙarya a kan albasa.

A wani ɗan ƙauye na bakin kogin Challawa aka haife shi. Ubansa Malam Uwaisu manomin lambu ne, kuma a lambun nan ba ya ganin girman komai sai albasa. Tumatir na raino ne, tattasai na wasa ne, albasa ita ce noma. Mutum ne marar magana, yakan yini yana jan jigo yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya bai ce uffan ba. Labaran ya tashi a cikin wannan aikin, ya yi dashe, ya yi ban-ruwa, ya yi cira, ya yi shanya. Ba wahalar ce ta dame shi ba, warin ne. Ya shiga rigarsa, ya shiga tabarmarsa, ko ya yi wanka a kogi sau uku yana nan. Da ya zama saurayi, ya sa rigar salla ya nufi dandali, tun daga nesa 'yan mata suka toshe hanci suna dariya: "Ga Labaran Albasa nan!" Sunan ya bi shi, har masu tallan goro da shi suke kiransa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba.

Saboda haka da labari ya zo a shekarar saba'in da shida cewa ana ɗaukar leburori a Sharaɗa, bai tsaya shawara ba. Ya je ya durƙusa gaban ubansa a bakin fangali ya ce, "Baba, zan tafi aikin kamfani." Tsohon ya dube shi, ya dubi jigo, ya ce, "Allah ya sa albarka." Ya ci gaba da ban-ruwa.

Kai, Labaran ya ji daɗin kamfani! Kaki, kati mai hoto, albashi duk ƙarshen wata. Da kuɗinsa na farko sabulu mai ƙamshi ya saya, guda uku. Ya kama ɗaki a cikin Sharaɗa, ya sayi keke, ya auri Zaituna, wata 'yar gajeriya mai saurin hannu da saurin baki, wadda ba ta taɓa jin an ce masa Albasa ba. In an tambaye shi sana'ar gidansu sai ya ce, "Noma," ya sauya zance.

Shekara bakwai ana haka, sai aka shiga tsuke bakin aljihu. Kayan aiki suka daina zuwa daga waje, injuna suka yi shiru, aka liƙa takarda a ƙofa da sunayen waɗanda aka sallama. Nasa na uku daga sama. Ranar da zai fita, ya hangi wani murfin inji da aka yar a bola, faffaɗa, mai kauri kamar tafin hannu. Bai san me zai yi da shi ba, haushi ne kawai ya hana shi fita hannu rabbana. Ya roƙi mai gadi, ya ɗaure shi a bayan keke, ya tura har gida yana gumi. Zaituna ta dubi ƙarfen ta dube shi ta ce, "Malam, wannan ne ladan shekara bakwai ɗin?" Ya ce ta bar shi ya ji da abin da ke damunsa.

Bayan kwana huɗu sai ga Malam Uwaisu a kan tsohon kekensa, da buhun albasa a baya. Ya ji labari. Bai yi jaje mai tsawo ba, bai ce a koma lambu ba. Ya sauke buhun a zaure, ya sha ruwa, ya ce, "Ku yi miya," ya juya. Labaran ya tsaya yana hararar buhun. Wato duk gudun da ya yi, ta biyo shi har gida.

Gaskiya a faɗe ta, ba Labaran ne ya ƙirƙiro abincin nan ba, Zaituna ce, ko da yake shekara da shekaru in yana ba da labari sai ya ce "sai dabara ta zo mini." Wata rana ɗan naman da ke gidan bai fi cikin tafi ba, ga baƙi biyu sun zo daga ƙauyensu. Ta jefa shi a turmi ta daka ya yi laushi, ta yanka albasa ƙanana-ƙanana ta cuɗa a ciki da gishiri da yajin ƙuli, har curin ya ninka uku. Kaskonta ya fashe tun makon da ya wuce, sai ta ja murfin injin nan zuwa tsakar gida, ta wanke shi, ta ɗora a murhu. Ta shafa kitse, ta ajiye 'yan curi-curi, ta barbaɗa wata albasar da ta yanka sirara a kai. Ta ga ba za su gasu da wuri ba, ta waiga, idonta ya faɗa kan dutsen gugar Labaran, wanda yake goge kakinsa da shi. Ta goge gindinsa, ta danna. Curi ya baje ya yi fale-fale, ƙarfe ya ce cuuu, albasa ta nutse cikin nama ta fara ja. Kafin ka ce wani abu ta juya su, ta tsaga burodi ta kifa a kai ya sha tururi. Baƙi suka ci suka lashe hannu, ɗayansu ya ce lallai Labaran bai ji korar nan a jikinsa ba, tun da yana ciyar da mutane nama haka.

Wannan maganar ita ta zauna masa a rai. Ya san ƙofar kamfani kamar yunwar cikinsa. Hutun rabin awa ne, a cikinsa za a ci abinci, a yi alwala, a yi azahar. Mai tuwo layi, mai shinkafa layi, mai tsire kuwa sai ya tsaya yana juya tsinke yana ba ka labari. Ga abin da ke gasuwa a minti biyu, a riƙe a hannu ɗaya ana tafiya. Mako na zagayowa ya ɗaure ƙarfe a keke, ya rataya dutsen guga, ya koma ƙofar da aka kore shi.

Ranar farko ya sayar da goma sha ɗaya, kunya kamar ta kashe shi. Kafin wata biyu har daga kamfanin robobi da na alewa ana tsallako titi. Direbobin da ke zuwa daga Bompai sukan tsaya su sayi biyar-biyar a naɗe a takarda. Aikin a gida ake yin rabinsa. Tun da hantsi Zaituna na tsakar gida tana daka, tana yanka, hawaye na zuba, tana yi masa tsiya: "Mai nama zalla, miƙo min albasa." A nan ake cuɗa komai, inda ba mai gani. Abin da ke zuwa ƙofar kamfani curi ne jajir da yaji, da 'yar albasar da ake barbaɗawa a sama, wadda Labaran ke cewa ta ado ce.

Ita kuwa albasar, duk ranar Alhamis Malam Uwaisu ke kawo ta. Sau ɗaya tak ya taɓa wucewa da buhun har gindin darbejiya, don ya rage wa ɗansa wahala. Labaran ya taso da sauri ya tare shi tun a bakin titi, yana waige-waige, ya ce, "Baba, ku riƙa saukewa a gida. Nan akwai motoci, kada su ture ku." Tsohon ya dubi titin, ba mota ko ɗaya. Ya ce, "To." Bai sake zuwa ba. In kun tambaye ni, wannan ya fi ƙaryar naman muni, kuma shi kansa Labaran ya sani.

To, ba a yin kasuwa haka ba mai jin haushi. A hannun hagu da ƙofar akwai Bala mai tsire, mahauci ɗan mahauci, wanda ya riga kowa kafa tukuba a wurin. Ba mugu ba ne, amma wa zai ji daɗi yana zaune da tsirensa yana kore ƙuda, ana ture-ture a ɗaya gefen, wani ɗan manomi na ihun nama zalla? A wancan zamanin kuwa nama ba sana'ar da kowa ke faɗawa ba ce. Gado ce. Yanka, fiɗa, tsire, balangu, kilishi, duk na mahauta ne, kuma suna da babbansu da ke raba musu wuri, yana kashe musu rigima. Bala ya kai ƙara wurinsa.

Wata Talata cikin zafin bazarar tamanin da huɗu, ana cikin hutu, sai ga Sarkin Fawa Alhassan ya sauka daga Vespa. Dattijo ne mai jiki, mai farin gemu, mai sanyin magana. Ya zauna a bencin Labaran, ya sayi ɗaya kamar kowa, ya ci a hankali har ya ƙare, ya goge baki. Sannan ya ce, "Samari, ɗan wane ne kai a fawa?"

Labaran ya ce, "Ranka ya daɗe, ban gada ba."

"To ka ji. In nama kake sayarwa, ka shigo sana'ar da ba taka ba, kuma wurin nan da mai shi. Sai ka ɗauke ƙarfenka. In kuwa abinci kake yi da ɗan nama a ciki, irin na mai tuwo da ke jefa tsoka a miya, ba ruwanmu da kai. Wanne ne?"

Jama'a suka zuba ido, kowa da burodinsa a hannu. Labaran, mutumin da ba a taɓa jin ya rasa ta cewa ba, ran nan sai zare ido.

Bala ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba sai an tambaye shi ba. Kullum da bakinsa yake shela."

Sarkin Fawa ya ce, "Baki ba shi da awo. Jibi Alhamis ka zo da kayanka ba a haɗa ba, naman yini guda daban, albasar yini guda daban. A ɗora a sikeli gaban jama'a. Wanda ya rinjaya shi kake sayarwa. Sannan ka haɗa a gabana in ɗanɗana, don na ci na yau, kuma harshena ba ya mantuwa." Ya hau Vespa ya tafi.

Da yamma Labaran ya koma gida ya zube a tabarma. Zaituna ta ji bayani, ta tafa hannu ta ce, "Af, to mene ne abin damuwa? Ai mun ci. Ko da ido aka auna albasa ta ninka naman."

"Ke ba ki gane ba. In albasa ta rinjaya, na tsira da wurin, amma wa zai sake tsayawa? Shekara guda ina ce musu nama zalla. Za su ce na cuce su. Za su sa mini suna."

"Wane suna?"

A ranar ne, bayan shekara biyar da aure, ya ba ta labarin dandali da 'yan matan da suka toshe hanci. Ya zaci za ta tausaya masa. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, ta cije leɓe, ta kau da kai, amma dariyar ta ƙwace mata har tana riƙe ciki. Da ta lafa ta ce, "Malam, wallahi na tausaya maka. Amma 'yan matan nan yanzu kowacce tana can tana yanka albasa a gidan mijinta. Su kuma mutanen kamfani, kana zaton ba su da harshe ne?"

Bai saurare ta ba. Shi lissafinsa daban. In nama ya rinjaya, za a tashe shi, amma ya tashi da mutuncinsa, a ce mahauta ne suka yi masa hassada. Ya tafi Bompai ko Hotoro inda ba a san shi ba, ya sake lale. Wurin da ya yi shekara yana ginawa, inuwar, mutanen da ya san mai son yaji da marar so, duk ya yarda ya bari don kada a kira shi da sunan wani kayan miya. Kun ji wauta! Amma wanda bai taɓa sa rigar salla aka yi masa dariya ba, kada ya yi saurin zaginsa.

Ranar Alhamis da sassafe ya je mayanka ya sayo nama ninki uku na abin da ya saba. Zaituna ta daka, ba ta ce komai ba, wanda kuwa ya san ta ya san shirunta ba na alheri ba ne. Abu ɗaya ta yi, ta zuba na kullum a kwanonsa, ƙarin ta naɗe shi daban a takarda. Ya ɗebi albasa guda shida kacal ya jefa a jaka. Ta bi shi da ido har ya fita.

Jiniya na busawa aka yi dafifi. Ranar ko masu tuwo sun rufe tukunya sun zo kallo. An aro sikeli mai kwano biyu daga wani mai tireda, an girke a kan benci. Sarkin Fawa na zaune, Bala na tsaye a bayansa da hannu a ƙirji. Labaran ya juye naman kwano a ɓangare ɗaya, ya ɗora ƙunshin takardar a kai. Kwanon ya sauka ƙasa. Ya sa hannu a jaka zai fito da albasarsa guda shida.

Sai ya ji muryar Idi, direban kamfani, wanda kullum yake cin uku, yana cewa daga baya, "Haba Baba, don Allah ja kekenka can. Ana shari'ar nama ka zo mana da buhun albasa, duk ka cika mu da wari."

Labaran ya ɗaga kai. Malam Uwaisu ne, a gefen taron, da koɗaɗɗiyar rigarsa, gumi na bin wuyansa, ƙafafunsa da busasshen laka na lambu. Daga baya aka ji yadda aka yi. Ya kai buhun gida kamar kullum, Zaituna ta gaishe shi ta ce, "Baba, ai ya manta albasa yau, ga shi ana jiransa. Da za ku daure ku kai masa." Tsohon ya ce an hana shi zuwa can. Ta ce, "Yau dai ku je."

Ga shi ya zo. Idi ya kore shi, tsohon ya ce, "To, ɗana," ya fara jan keken baya. Idonsa ya haɗu da na Labaran. Bai yi murmushi ba, bai ɗaga hannu ba, ya kau da kai kamar bai taɓa ganinsa ba. Yana rufa masa asiri ne. Mutumin da ya ja jigo tun asuba, ya tuƙo buhu a cikin wannan rana, yana yin kamar bai san ɗansa ba don kada ɗan ya ji kunya.

Kunya ta kama Labaran, amma ba irin wadda ya yi shekara takwas yana gudu ba, wannan ta fi zafi. Ya cire hannunsa daga jaka. Ya ɗauke ƙunshin takardar daga sikeli ya ajiye gefe, ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba na kullum ba ne. Yau na ƙaro shi. Na kwanon nan shi ne naman yini guda."

Aka fara gunaguni. Bai tsaya ji ba, ya ratsa mutane, ya je gaban tsohon ya durƙusa har ƙasa a cikin ƙurar titi. "Baba, sannunku da hanya. Ku zo ku zauna a inuwa." Ya kwance buhun, ya saɓa a kafaɗa, ya riƙo keken da ɗaya hannun. Idi ya saki baki. Sarkin Fawa da kansa ya matsa ya ba tsohon wuri a benci.

Labaran ya ɓalle bakin buhu ya fara ɗorawa. Jajaye, manya, masu ƙyalli. Biyar, goma, sha biyar, kwanon nama ya fara ɗagawa. Sikeli ya daidaita, wani ya ce, "Kai, ya isa haka!" Labaran ya ce, "Da saura." Ya ci gaba da ɗorawa har kwanon albasa ya bugi benci ƙwal, naman ya yi sama yana lilo, albasa biyu suka gangaro ƙasa. Ya ce, "Da saura, sikelin ne ya cika." Sannan ya juyo ya fuskanci jama'a. "Jama'a, ku yafe ni. Ba nama zalla ba ne, bai taɓa zama ba. Albasa ce da ɗan nama. Albasar lambunmu ce ta bakin Challawa, wannan dattijon shi ya noma ta, kuma shi ya haife ni. A ƙauyenmu Labaran Albasa ake ce mini."

Ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya. Sai Idi ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Tabɗijam! Wai yau ne za a gaya mana? Labaran, kullum in na koma mota sai yaran ofis sun buɗe gilas! Matata tun daga zaure take cewa ka je wurin mutuminka. A kobo talatin wa zai ba ka nama zalla a wannan zamani? Mu albasar muke bi!" Wuri ya kaure. Wani ya ce shi ya ɗauka kirari ne kawai, irin na masu talla. Wani ya ce shi ma da ma yana so ya ce a ƙara masa ta saman. Idi ya zo ya tsuguna gaban Malam Uwaisu ya ce, "Baba, ku yafe ni, ban sani ba. Ashe ku ne mai gayya." Tsohon ya ce ba komai.

Sarkin Fawa ya ɗaga hannu ya ce a haɗa. Labaran ya zauna a gaban kowa, karo na farko, ya yanka albasa, hawaye na zuba, kuma ba wanda ya tambaye shi ko na albasar ne. Ya cuɗa, ya ɗora curi a ƙarfe, ya barbaɗa ta sama, ya danna da dutsen guga. Sarkin Fawa ya karɓa ya gutsura, ya tauna, ya gyaɗa kai. "Shi ne na shekaranjiya. Bala, wannan ba abokin sana'arka ba ne, mai lambu ne. Ya zauna. Sai dai abu biyu, samari. Ɗan naman da kake sawa, a hannun Bala za ka riƙa saye. Kuma kada in sake jin nama zalla." Bala ya ɗan ɓata rai, ya yi tunanin ciniki kullum ba fashi, ya saki. Ƙunshin takardar nan ma shi aka ba ya tsire, aka raba wa jama'a. Jiniyar komawa ta busa, ba wanda ya motsa, ranar rabin masaƙa sun makara, har da foman.

Na biyun da ya sauko daga ƙarfe, Labaran bai miƙa wa masu miƙo kuɗi ba. Ya riƙe shi da hannu biyu ya kai wa ubansa. Shekara guda tsohon yana kawo albasar, bai taɓa ɗanɗana abin da ake yi da ita ba, ba a taɓa ba shi ba. Ya yi bisimilla, ya gutsura da 'yan haƙoran da suka rage, ya daɗe yana taunawa. Labaran na durƙushe yana kallon bakinsa.

"Ta fangalin gabas ce wannan," in ji Malam Uwaisu. "Wanda ka yi wa shinge kafin ka tafi. Ta fi zaƙi bana." Ya sake gutsura. "Ka rage mata wuta kaɗan."

"To, Baba."

Shekara shida Labaran ya ƙara a gindin darbejiyar nan, har ya sayi ƙarfe na biyu, kuma sunan ya kama shi ram, daga Sharaɗa har Bompai ba wanda ya san wani Labaran sai Albasa. In an kira shi da shi, amsawa yake yi tun kafin a rufe baki. Duk Alhamis kuwa akwai gefen benci da ba mai zama, ko Idi, sai tsohon ya iso da kekensa.

Amma waɗanda suke wurin sun fi tuna washegarin awon. Jiniya ta busa, mutane suka fito, kowa ya kasa kunne ya ji me zai ce yanzu da aka hana shi kirarinsa. Labaran ya gyara hula, ya ɗaga dutsen guga sama, ya ware murya har ana ji a kamfanin robobi: "Albasar Malam Uwaisu! Albasar Malam Uwaisu, da ɗan nama!"